Makullin mota ya fara gardama: amsoshin wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga Kubwa ta ce makulli ya ƙi juyawa da safe, hankalinta ya tashi. Kwantar da hankalinki, Hajiya. Galibi sitiyari ne ya kulle. Ki riƙa girgiza shi hagu da dama kina murɗa makullin a hankali. Idan ƙurar hunturu ce ta cika ramin, goga bakin fensir a jikin makullin. Kada ki ɗiga man inji, ƙura zai tara.

Mai tambaya daga Nyanya: "Ƙas-ƙas nake ji in na murɗa makulli, in sayi sabon suwic ɗin kunna mota?" Haba Malam! Wannan ai batir ne ko kik, wato na'urar da ke tayar da inji. Cikakken batir na nuna bolt 12.6 a mita, auna tukuna.

Sai mai Corolla daga Lugbe, wanda motarsa ke mutuwa a tafe, fitilun dashbod su ɗauke, in ya taɓa makulli su dawo. Naka kam suwic ne. Amma abu biyu ne a wurin: gidan makulli, da ɓangaren wuta da ke bayansa. Na bayan kaɗai za a canza. A cire kan batir na nagetib da sifana lamba 10, a jira minti uku saboda ayabak (jakar iska mai kare direba), a kwance murfin ƙasan sitiyari, a zare soket, a kwance ƙananan sukurori biyu. In ka bari aka canza gidan makullin, kuma makullinka mai cif ne (ɗan abin lantarki da mota ke gane shi da shi), sai an yi furogiramin, wani kuɗin ke nan.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin saye. A kasuwar kayan mota ta Apo ko Zuba a Abuja za a iya miƙo maka kwali mai ƙyalli a rabin kuɗi, a rantse maka orijina ne. Tagullar cikinsa siririya ce. Tana ɗaukar zafi, robar ta narke, wata rana ka ji ƙauri kana tsakiyar titin filin jirgi. Mota kuwa in ta mutu a guje, sitiyari da birki nauyi suke yi. Tafi da tsohon a hannu, ka ƙirga filolin soket, ka ba da lambar shasi. Ɗan Beljiyam (na hannu da aka shigo da shi daga waje) mai lafiya ya fi sabon jabu. Riwayan (mai gyaran wutar mota) da ya ce zai haɗa maka waya kai tsaye ya sa maɓalli, karɓi makullinka ka yi gaba. Irin haɗin nan sau da yawa ba ya bi ta fis, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa.

Tarin makullan gida da na shago da ka rataya wa makullin mota kuma, a sauke su. Nauyinsu ke cinye gidan makullin.