Alayyafo Ya Yi, Latas Ya Ƙi: Amsa ga Mai Koyon Lambu

Ka ce ka gyara fangali ɗaya a bayan gida, ka zuba alayyafo, latas, lalo da kabeji rana ɗaya, kana ba su ruwa iri ɗaya. Alayyafo ya yi kyau, latas ya miƙe ya yi ɗaci, lalo ya fito ɗai-ɗai, kabeji kuma duk huda. In ka dafa ganyen sai ya dushe. Kana tambaya ko irin ne ba shi da kyau.

Ba irin ba ne, ɗana. Dukansu ganye muke ce musu, amma kowanne da halinsa, kai kuwa ka yi musu kuɗin goro.

Fara da fangalin. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, don hannunka ya kai tsakiya ba sai ka taka ƙasar ba. Kafce ta zurfin santimita 20, ka cakuɗa bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kowace mita. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su hau ganyen da za a ci ɗanye. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari.

Alayyafo ɗan zafi ne, shi ya sa ya yi maka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka gauraya cokali ɗaya na iri da cokali goma na busasshen yashi kafin ka yafa, ka rufe da ƙasa kaɗan, kada ta kai rabin santimita. Cikin mako guda zai fito. In ya yi cunkoso kuma ƙasar ba ta tsanewa, za ka ga 'yan tsiron suna ruɓewa daga gindi suna kwanciya: ka rage su, ka rage ruwa. Bayan mako 3 zuwa 4 za ka iya cire wasu ka ci, ka bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin sauran. Waɗannan kada ka tuge su. Yanke su ka bar kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa, za su toho da rassa, ka riƙa yanka duk mako biyu har su fara fure. Da sun yi fure ganye ya ƙanƙance, a sake sabon zubi.

Lalo ɓawon irinsa ne mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. Ƙulle irin a ƙyalle, ka tsoma cikin ruwan da aka sauke daga wuta yanzu, ka ƙirga daƙiƙa 10, ka fitar ka tsoma a ruwan sanyi, ka shanya a inuwa ka shuka a ranar. Kada ka zarce, in ba haka ba za ka dafa irin.

Latas ne ke son a yi masa bayani, domin shi akasin alayyafo ne. In zafin ƙasa ya kai digiri 30, irin yakan ƙi tsira ko da lafiyarsa lau. In ya tsira kuma zafi ya matsa masa, sai ya bar yin ganye ya miƙa kara zai yi fure. Karya karan ka ga farin ruwa kamar madara, ɗacin nan daga gare shi yake. Wanda ya riga ya miƙe ba ya dawowa, cire shi kawai. Ka shuka latas lokacin sanyi, da yamma, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka danna irin da tafin hannu ba tare da ka binne shi da zurfi ba, don yana son haske kafin ya tsira. Da ya yi ganye 4 ko 5 ka dasa, tazarar santimita 25 zuwa 30. Saiwarsa ba ta nisa, ƙishirwa kan sa shi ɗaci, saboda haka ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa, ka yi masa rumfa ta tare ranar azahar. Riƙa tsinkar ganyen waje kana barin zuciyar.

Hudar kabeji tsutsa ce, kuma a bayan ganye take ɓuya. Juya ganyen kowace safiya ka tsince ta. In ta fi ƙarfin hannu, daka ƙwayar darbejiya giram 50, jiƙa a lita 1 ta ruwa ta kwana, tace ka fesa da yamma, sama da ƙasan ganye. Ka dakata da feshi kwanaki kafin yanka, in ba haka ba za ka ji ɗacin a baki. Kabeji yana son sanyi da fili, tazarar santimita 40 zuwa 50, shi ya sa bai dace da zama cikin alayyafo ba.

Ban ruwa da safe, a gindi. In tsofaffin ganyen ƙasa suka soma rawaya, abinci ne ya ƙare, ƙara taki.

To, sai tukunya. Wanke ganye kafin ka yanka, ba bayan ka yanka ba, don ruwa kada ya tafi da amfaninsa. Zuba shi a ruwa mai yawa, ka tsamo ganyen ka bar yashi a ƙasan kwano, sau uku. Dushewar da kake gani abu biyu ke kawo ta: daɗewa a wuta da kuma tsami. Alayyafo minti 3 zuwa 5 ya ishe shi, karan ka fara sawa, ganyen daga baya. In za ka matsa lemun tsami, bari sai ka sauke. Wasu na jefa kanwa don kore ya tsaya. Yana tsayawa kam, amma ganyen ya lugwiguice, bitamin C ɗinsa ya tafi. Ni ban ga ribar wannan cinikin ba. Wanda ya fi, ka tsoma ganyen a tafasasshen ruwa mai gishiri minti 1 zuwa 2, ka juye a ruwan sanyi, ka matse, sannan ka juya shi a ɗan mai da albasa. Man yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A na ganyen, ruwan da ka zubar kuma ya tafi da wani ɓangare na abin nan da ke sa tsohon alayyafo kama haƙori.

Lalo yauƙinsa ake so, don haka a yanka shi ƙanana, ruwa kaɗan, tukunya a buɗe don kada ya tashi ya zube. Kabeji in ya wuce minti 7 ko 8 a wuta sai warinsa ya cika ɗaki, sauke shi yana da sauran ƙarfi a haƙori. Latas ba ya ganin wuta. Wanke shi, tsane shi sarai, kada ka zuba masa gishiri ko mai sai za a ci, domin gishiri na janye ruwansa ya yi laushi cikin 'yan mintoci.