Tiransfos ne ke toshe maka kunne

Tambaya: Malam, shekara biyu ina kaɗa fiyano, na iya kod ɗina (sautukan da ake dannawa tare) a kan C, amma da mawaƙi ya ɗauko waƙar da ban sani ba sai in daskare. An ce kunnen kiɗa baiwa ce, wanda ba a haifa da ita ba ya haƙura. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne jin sauti guda tilo a faɗi sunansa, kuma ba ka buƙatarsa. Naka shi ne gane nisan kowane sauti daga "do", wannan kuwa horo ne. Rera waƙar da bakinka, ka nemo inda take sauka ta huta, nan ne gidanta, wato "do" ɗinta. Sai ka bi bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, waƙoƙi da yawa a kan kod na 1, 4, 5 da 6 suke kewayawa, in ka ƙirga "do" a matsayin 1.

Amma "a kan C" ɗin nan shi ya dame ni, don na san tiransfos kake dannawa, wato maɓallin fiyanon lantarki da ke ɗaga ko sauke sauti ba tare da yatsanka ya canza wuri ba. Kullum sai na gamu da wannan cutar. Wani ya karɓi kuɗin yaro ya ce "koyi C kawai, na'ura za ta yi sauran", wai ya gama koyar da shi cikin mako biyu. Wannan zalunci ne! Yatsanka na kan C, kunnenka na jin E♭, ta yaya za su san juna? Ki, wato gidan da waƙa ke zama a kai irin su C, 12 ne, an rufe maka 11. Ranar da mawaƙi ya haura rabin sauti a tsakiyar amshi, hannunka na hagu zai bar kiɗa ya tafi laluben maɓalli. In ka manta ba ka mayar da shi sifili ba, waƙa ta gaba ta watse gaban jama'a. Fiyanon katako mai maɓalli 88 kuwa ba shi da tiransfos ko kaɗan. Masu koyar da haka su ji tsoron Allah, amanar yaran mutane ce a hannunsu.

Daga yau manna wa maɓallin tiransfos salatif. Ɗauki waƙa ɗaya da ka haddace, ka nemo ta a G, sannan F, sannan D. Don ƙirƙira nan take, riƙe F♯ da C♯ da hagu, dama ta yi yawo kan baƙaƙen maɓallai kaɗai. Sauti 5 ne, irin waɗanda waƙoƙinmu na gargajiya da yawa suka ginu a kai, da wuya ka taɓa wanda zai soki kunne. Rera jimla gajera tukuna, sannan yatsa ya maimaita ta.