Hukuncin zaɓen ƙaramin harsashi don harbin dabbobin da ke ɓarna

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a gonar kiwon tumaki a jihar Wayomin ta Amurka. Koyoti, wato dilan ƙasar nan, yana ɗauke mana 'yan raguna, ga kuma wani kurege mai gina ramuka a makiyaya. An ce in zaɓi bindiga. Wani ya ce in ɗauki mai harsashin .22 LR don arharsa, wani ya ce .17 HMR, wani .223. Shari'a tana da magana a nan? Kuma ya halatta in bi abokan aikina harbin kuregen ranar hutu don nishaɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. E, tana da magana, ɗan'uwa, ko da yake ba za ka sami lambar harsashi a littafin fiƙihu ba.

Kashe dabbar da ke cutar da dukiyarka halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) ya ambaci dabbobi biyar da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Imam Malik a Muwaɗɗa ya shigar da zaki da damisa da kyarkeci cikin ma'anar kare mai cizo. To idan an yi wa mai harama wannan sassauci, ina ga makiyayin da ke tashi da safe ya tarar da ɗan ragonsa a farke? Sai dai cutarwar ita ce ta buɗe ƙofar. Inda babu ita, ƙofar a rufe take.

Kan yadda za a kashe kuwa, hadisin Shaddad ɗan Aus ne a Muslim: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan, idan za ku yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Hadisin bai ware dabbar da ake ci ba, bai cire mai ɓarna ba. Wasa wuƙar mai bindiga shi ne zaɓen harsashin da zai gama aiki a harbi ɗaya. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, inda Annabi (SAW) ya hana harba tsakuwa da yatsu, ya ce ba ta kashe abin farauta, ba ta illata maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Dalilin hanin a fili yake: makamin da ke raunatawa bai kashewa. A ganina duk harsashin da ya yi wa dabba kaɗan yana ƙarƙashin wannan dalili.

Mu duba abin da aka ba ka zaɓi a kai. Harsashin .22 LR, wanda yake kasuwa tun 1887, nauyin dalmarsa kusan giram 2.6 ne, gudunsa bai cika wuce mita 400 a daƙiƙa ba. Ya ishi ɓera da zomo da kurege daga kusa. Shi kuwa .17 HMR, da kamfanin Hornady ya fitar a 2002, gudunsa ya kusa ninka wancan, amma dalmar giram ɗaya da ɗigo ce, iska na karkatar da ita, kuma takan tarwatse idan ta sami ƙashin kafaɗa. Koyoti kuwa yakan kai kilo 10 zuwa 20, ga gashi mai kauri lokacin sanyi, ga wayo, da wuya ya bari ka matso. Ka harbe shi daga mita 150 da ɗayan waɗannan biyun, sau da yawa abin da za ka gani shi ne ya yi tsalle, ya ciji gefen cikinsa, ya shige daji yana ɗingishi, ya je ya kwana biyu yana mutuwa a rami. Wanda ya san haka ne zai fi yawan faruwa, kuma yana da halin sayen wanda ya fi, bai halatta ya zaɓi ƙaramin don ragin kuɗi ba.

Harsashin .223 Remington, mai dalma kusan giram 3.6 da gudun da ya kusa mita 1,000 a daƙiƙa, shi maharban can suka fi amincewa da shi a kan koyoti, haka ma .22-250 da ya fi shi gudu. A cikin ukun da ka lissafa, .223 ne ya dace da koyoti. Amma lamba kaɗai ba ta sauke nauyi. Ka gwada bindigar a kan takarda har ka san nisan da hannunka ba ya kuskure, ka tsaya a nan, ka auna ƙirji bayan kafaɗa. Idan ka raunata, wajibi ne ka bi sawu ka ƙarasa gwargwadon iko. Kuma ka san abin da ke bayan abin da ka auna: ko ƙaramin .22 ɗin yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma tsalle idan ya bugi dutse ko ruwa. Dokokin jihar kan mallakar bindiga da farauta su ma sun hau kanka, tunda da alkawari ka shiga ƙasar.

Harbin nishaɗi kuwa, a'a. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya ce Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin koyon saiti. Idan mai gona ya sa ka rage kuregen a fegin da suke cinye ciyawar tumaki, wannan aiki ne, kuma .17 HMR ya wadatar musu a nisan da ka iya. Amma a kafa tebur a bakin ramukansu ana gasar wa ya fi kashewa, wannan shi ne abin da hadisin ya hana, ko da dokar gari ta ƙyale. Ka ba abokan naka uzuri cikin mutunci.

Ba ka tambayi naman ba, amma kada ka ci na koyoti. An hana cin duk mai fiƙa daga namun daji, ko da yake mashhurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya karhanci ne. Wallahu a'alam.