Abin da Ya Sa Muke Rufe Na'urar Cikin Tanki

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa ba a ɗaura na'urar rarrabe haske a jikin madubin hangen taurari ba, sai a kai ta wani ɗaki, a rufe cikin tanki, a hana kowa shiga. To, saurara.

Madubin ba ya tsayawa, duk dare juyawa yake yana bin tauraro. Ƙarfe kuwa, komai kaurinsa, in ya karkata sai nauyinsa ya ɗan lanƙwasa shi. Ido ba zai gani ba, amma awo ya lalace.

Dubi HARPS, wata na'urar rarrabe haske irin wannan, wadda ta fara aiki a 2003 a La Silla ta ƙasar Chile, da madubi mai faɗin mita 3.6. Aikinta farautar duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Ba ganinsu take yi ba. Duniyar ce ke jan tauraronta gaba da baya, sai siraran layukan da ke bayyana in an rarrabe haskensa launi-launi su ɗan gusa, gushin nan shi muke aunawa. Idan tauraro yana motsin mita 1 a daƙiƙa, wato saurin mai tafiya a ƙasa ba gaggawa, layin zai gusa kimanin nanomita 15 kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) a kan farantin ɗaukar hoto. Ɗumin jikinka kaɗai, in ka tsaya kusa, ya isa ya kumbura ƙarfe fiye da haka.

Shi ya sa ake ɗauko hasken ta zaren gilashi a kai wa na'urar inda take zaune daram. An zuƙe iskar tankin, domin canjin matsin iska yana karkatar da haske. Zafin ciki kuma ba a yarda ya motsa fiye da digiri 0.01 ba. Duk da haka ba a saki jiki ba: akwai zare na biyu da ke kawo hasken fitilar thorium da argon, wadda aka san mazaunin layukanta, don a gane ko na'urar ce ta gusa ba tauraron ba. A ganina wannan zaren ya fi komai hikima a aikin.

Kuma da sauran tafiya. Duniyarmu santimita 9 kawai a daƙiƙa take motsa rana. Wata na'urar irinta, ESPRESSO, da ke Paranal a ƙasar Chile, wadda madubai masu mita 8.2 ke ba ta haske, an ƙera ta ne da burin auna motsin santimita 10 a daƙiƙa. Don haka gobe in za ka ɗaure kusoshin teburin gilasai, ka bi awon ƙarfin ɗaurin da aka rubuta, kada ka ƙara ko kaɗan.