Had-disk ɗin HP a cikin Dell

Na saurari saƙon da ka turo mini jiya bayan isha'i. Ka ce bod ɗin HP ɗin Hajiya, wato babban faifan da duk kayan cikin laftof suke jone a kansa, ya ƙone, ka zare had-disk ɗin, ma'ajiyar Windows da fayilolinta, ka sa a Dell ɗin shago, da ta fara tashi sai allo ya yi shuɗi ta mutu, ta sake kunna kanta, haka ta yi ta yi. Ka tambaya: "Oga, disk ɗin ma ya tafi ne? In yi masa fomat?"

Kar ka kuskura. Fomat goge duk abin da ke cikin disk ne. Ajiye filash ɗin ɗora Windows ɗin nan tukuna.

Tunda har ka ga tambarin Windows kafin shuɗin ya fito, ai Dell ta ga disk ɗin, ta ma fara karanta shi. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka ɗora Windows a HP, ta haddace kayan cikin HP, ta tanadi direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da take sarrafa kowane kaya da su. Ka san yadda kake yawo a gidanku da dare in an ɗauke wuta, ba ka cin karo da komai? To a kai ka gidan wani a cikin duhun nan ka ga yadda za ka sha bango.

In shuɗin ya sake fitowa, ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Kusan na tabbata za ka ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ko in tsohuwar Windows 7 ce ka ga lamba mai ƙarewa da 7B. Ma'anarsa Windows ta fara tashi, sai ta nemi hanyar da ta saba bi zuwa disk ɗin ta rasa. AHCI da RAID On hanyoyi biyu ne da kwamfuta ke magana da disk. Yawancin HP da ke shigo mana a AHCI suke, Dell kuwa sau da yawa a RAID On take fitowa daga kamfani. Kashe Dell ɗin, kunna, ka yi ta danna F2 har saitin BIOS, wato saitin bod da ke zuwa kafin Windows, ya buɗe, nemi SATA Operation, mayar da shi AHCI, ka adana ka fita. Sau da dama a nan zancen yake ƙarewa. Ka rubuta yadda ka tarar da saitin a bayan risit, domin disk ɗin shago zai koma ciki, shi kuma a RAID ya saba. In ka manta, gobe ni za ka kira ka ce Dell ɗin ma ta lalace.

Wani lokacin ko tambarin ba za ka gani ba, sai baƙin allo da rubutun cewa babu abin da za a tashi da shi. Wannan rigimar Legacy da UEFI ce, wato tsohuwar hanyar tada kwamfuta da sabuwa. Disk ɗin da aka tsara da tsohon tsari, MBR, a Legacy yake tashi, na sabon tsari, GPT, kuma a UEFI. Danna F12 a Dell, ko F9 a HP, ka ga ko sunansa ya fito. In tsohon tsari ne, kashe Secure Boot, saitin tsaron da ke cikin BIOS, ka buɗe Legacy. Sababbin laftof da yawa an cire musu Legacy gaba ɗaya, nan sai dai a juya disk ɗin daga MBR zuwa GPT da manhajar mbr2gpt da Microsoft ta saka a Windows 10 tun 2017, kuma ban yarda ka taɓa wannan ba sai ina tsaye a kanka.

Kun samu sauƙi, ku 'yan yanzu. Zamanin XP da Windows 7, sauya bod kusan daidai yake da sabon ɗori. Tun fitowar Windows 10 a 2015 ta koyi laluben sabon gida da kanta: za ta tsaya tana juya ɗigo-ɗigon nan, ta kashe ta kunna sau ɗaya ko biyu, sai ta buɗe. Ba ta lokaci, kuma ka tabbata caja na jiki. Ubuntu kuwa, wadda wasu ke ɗorawa a maimakon Windows, ko a jikinta, direbobinta a cikinta suke tafe.

Amma ɗana, laifinka ba ya cikin duk wannan. Laifinka shi ne ka kunna disk ɗin mutane kafin ka kwashe abin da ke ciki. Ka ma tambayi Hajiya me take so? Na rantse ba Windows ce ta dame ta ba, lissafin shagon atamfarta ne da hotunan bikin 'yarta. Da ka sa disk ɗin a kes na USB, ɗan akwatin da ke sa a karanta shi kamar filash, ka jona, da tuni ka kwafe su ka huta. Kowane tashi da faɗuwar da take yi rubutu ake yi a kansa, in kuma dama ya fara gajiya, kana ƙarasa shi ne.

Ina yaron shago kamarka, a Beirut Road, wani ɗalibi ya kawo mini irin wannan aikin. Na jona disk ɗinsa, kwamfuta ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, ni kuma na danna mata. Furojet ɗinsa na gama digiri ne a ciki, babi huɗu. Bai yi mini faɗa ba. Zama ya yi a kan bencin ƙofar shago, ya cire hularsa ya riƙe, har aka kira magariba. Kwana uku muka yi da maigidana muna tono, rabi muka samo, shi ma a hargitse.

Sai BitLocker, kwaɗon da Windows ke kulle disk da shi, wanda shi ne ke tsorata ni yanzu. In ka ga shuɗin allo yana neman mabuɗi mai lamba 48, tsaya cak. An kulle disk ɗin, makullin yana cikin TPM, ɗan sashen tsaro na bod ɗin da ya ƙone. Ko a kes ka sa shi, kwaɗo za ka gani a kan sunansa. Laftof da yawa suna kulle kansu da zarar mai su ya shiga da asusun Microsoft, bai ma sani ba. Lambar tana cikin asusun, sai Hajiya ta shiga da wayarta ta duba, ko ɗan da ya buɗe mata shi. In babu ita, kar ka yi mata alkawarin komai, ni ma ba ni da dabarar fasa shi, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita a kasuwar nan kuɗinka yake so.

In Windows ta tashi lafiya, za ta iya cewa ba a kunna lasisi ba, saboda lasisin da ya zo da HP a bod ɗin HP yake ɗaure. Wannan ba ya hana kwashe kaya, sai Hajiya ta sayi wata kwamfutar ma yi zancensa.

Da safe kafin in iso, zare disk ɗin daga Dell. Kes ɗin yana durowa ta biyu, ƙarƙashin cajoji. Jona shi, kasa kunnenka a jikinsa, in ka ji yana ƙas-ƙas cire shi nan take ka jira ni. In shiru ne, shiga folda mai suna Users ka fara da Desktop da Documents, sannan hotuna. Ka kira Hajiya ka tambaye ta inda take ajiye lissafin.