Sikanin ƙafa da gwajin jini: wanne ya fi gano gudan jini a jijiya?

Hajiya, kin ce ƙafar mahaifiyarki ta kumbura bayan doguwar tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda, an yi sikanin ƙafar don neman gudan jini a jijiya ba a ga komai ba, kuma kina tambaya ko hankali zai kwanta.

Amsar ta danganta da wurin da jinin ya daskare. Idan a cinya ne ko bayan gwiwa, sikanin da ake danna jijiya da shi yana gano kusan 95 cikin 100, domin lafiyayyar jijiya takan lotsa idan an danna ta, mai gudan jini kuwa ba ta lotsawa. A sha-raɓa abin yakan kuɓuce masa, shi ya sa likitoci kan maimaita hoton bayan mako guda idan zargi bai gushe ba.

Gwajin jini na Di-daima, wanda ke auna ɓurɓushin gudan jini, ya fi amfani wajen nuna cewa babu cutar idan sakamakonsa bai hau ba, amma tsufa, juna biyu da tiyata duk suna ɗaga shi, don haka hauhawarsa a jikin dattijuwa ba hujja ba ce.

Idan numfashinta ya yi wuya ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ku kai ta sashen gaggawa nan take.