Dokar ramin ɓuya a wasan yaƙi na kan kwali

Ɗan'uwa, ka ce a majalisarku ta Ringim soja na shigewa rami ya gagari kowa, wasa ya tsaya cik. Ramin ne ya yi arha. Ga gyara: a sa shiga ramin ta cinye zagaye guda, fita ma haka. Kada ya ɗauki fiye da sojoji 2, kuma na ciki ba ya harbi.

Igwa daga nesa sai dayis, wato ɗan ludo mai fuska shida, ya ba da 6 za ta rusa shi. Wanda ya iso bakin ramin da gurneti kuwa, 4 zuwa 6 ya wadatar, rabi da rabi ke nan. Kada ka ba rami ƙofa biyu, nan ake yawan kuskure. Don ku gwada wannan doka, ku buga sau 10 kuna musayar ɓangare. Batun zurfi da kaurin rufi na gaske, tambayi tsohon soja.